Kafin Juma'ar Wanzami

Shekarar ostariti, da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kananzir ya gagare mu, sai hirarmu ta koma bakin murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, can Gude. Da an idar da magariba muke zagaye ta.

Autanmu Sabi'u ya doshi shekara uku bai taɓa cewa uffan ba. Nuni kawai yake yi, ni kuwa caraf in ce, "Ruwa yake so." Baba ya ce linzami ne ya ɗaure masa harshe, ran Juma'a wanzami zai zo ya yanka. Na taɓa ganin jinin da ɗan maƙwabtanmu ya zubar da aka yanka masa nasa, don haka tsoro ya kama ni sosai.

Iya ta buɗe bakin yaron ta leƙa. "Harshen maigidana lafiyarsa ƙalau. A bar min shi zuwa Juma'ar." Ta juyo kaina. "Ke kuma sarkin iyayi, ki ɗinke bakinki. Ke kika cinye masa rabonsa na magana."

Tatsuniya ɗaya tak ta riƙa yi mana, Sabi'u a cinyarta yana kallon bakinta. Wai wani ɗan akuya ne uwarsa ke yi masa kuka. In yunwa yake ji ita ke kuka a madadinsa, in ƙaya ya taka ma ita. Ran nan ya faɗa ramin da ake ɗibar ƙasar gini, uwar ta zo wucewa ba ta gan shi ba. Ya buɗe baki ya ce, "Inna!" Aka ciro shi.

Kwana huɗu tana kai ta ƙarshe. Ran Laraba da ta zo kan "ya ce," sai ta yi shiru. Sabi'u ma shiru. Na kwana ina kuka.

Ran Alhamis ta sake tsayawa a nan. Na cusa bakin zanena a baki don kada kalmar ta suɓuce min. Sabi'u ya bugi ƙirjinta.

"Me ya ce ne, maigida? Tsufa ya sa na manta. Ga uwar can fa za ta wuce."

Ya kalli wuta, ya kalle ta. "Nna!"

Wallahi har Baba da ke alwala sai da ya saki buta. Wanzami ya zo Juma'a, aski kawai ya yi.

Yau Sabi'u malamin Islamiyya ne a Gwarzo, in ya fara surutu sai an roƙe shi ya tsaya. Ni kuwa ban gane aikin Iya ba sai wajen shekarun Shari'a, da 'yata ta fari ta tsaya gaban randa tana nuni. Kalmar ta zo min har leɓe. Na haɗiye ta, na tsuguna, na jira.