Yadda Na Kawo Mai Tire Gida Shagari

Sakkwato

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha da jakata da wani zane a naɗe cikin tabarma. Na gama karatun zane-zane ke nan. Aikin ƙarshe da malaminmu ya ba mu shi ne yarinyar nan ta littafin Kirista, wadda ta yi rawa gaban sarki ta nemi a ba ta kan Annabi Yahaya a tire. Masu zanen Turai na da sun sha zana ta, ado kamar aljana, fure a hannu, ido ba tausayi. Ni dai na zana ta, amma wa ya isa ya zana Annabi? Sai na rufe tiren da faifai, na bar ɗigon ja a gefensa. Tun da na shiga mota nake rungume da tabarmar. A ƙasarmu, in aka ce ka taɓa Annabi, ba a jiran bayani.

Boɗinga

Nan muka ɗauki wata tsohuwa mai sayar da albasa. Ta zauna kusa da ni, ta miƙo min ƙosai, na riƙe shi a hannu ina share gumi.

"Ɗana, lahiya kake zuhwa da sahen ga?" in ji ta.

Na ce zafi ne, Inna.

Bayan Sifawa

'Yan sa-kai sun gicciye itace a hanya. Wani mai bindigar toka ya ce kowa ya sauko da kayansa. Ya kwance tabarmar, ya baje zanen a kan mota. Innalillahi! Nan da nan mutane suka kewaye mu.

"Wagga wace ta? Mi tad ɗauko cikin tire?"

Mai bindigar ne ke tambaya. Ya ɗora yatsa a kan jan nan. "Wanga hwa?"

Wallahi na riga na fara kalmar shahada a zuci. Sai tsohuwar ta kutso, tana tafa hannu. "Kai, yaro, ba ka san amarya ba? Tuwon miji za ta kai, rawar kai ta sa miya ta zubo!"

Aka fashe da dariya. Mai bindiga ya ce in ƙara mata mayafi, ya jefo min tabarmata.

Lambara

Nan motar ta tsaya. Da za ta sauka, tsohuwar ta sunkuyo saitin kunnena.

"Na san miya, na san jini. Ban tambaye ka ko na wa na ba. Kak ka sake hitowa da ita bisa hanya."

Shagari

Na tarar da mahaifiyata tana dama kunu. Bayan gaisuwa na tsuguna bakin murhu, na cusa zanen nan da malaminmu ya fi yabawa. Ta ce me nake ƙonawa haka? Na ce tarkacen makaranta ne. Ta matso da itace don ya ci da kyau.

Na gode wa Allah da ya kawo ni gida da raina. Allah ya saka wa tsohuwar nan da Aljanna.