Kifin da Ya Tsallake Shinge

Ran Talata, takwas ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kyaftin Tak Gilho, shugaban ƙungiyar masunta ta Solgae, yana da shekara saba'in da huɗu. Ina tsaye ina yanka albasa a ɗakin abincina da ke bakin tashar jiragen ruwa, sai ga ɗansa Sanggu ya tsaya a ƙofa, ya ƙi shigowa. Tun yana yawo ba wando har ya yi furfura a gefen kunne, bai taɓa zuwa ƙofar nan bai tambayi abin da ke kan wuta ba. Ya ce, "Inna Malsun, Baba ya tafi." Na ce ya tafi ina, ga jirginsa can a ɗaure? Sai da maganar ta fita daga bakina sannan na gane abin da aka faɗa mini.

Yaya Gilho, an ce kana zaune kan akwatin kifi kana ɗinkin taru, ka jingina da bango kamar mai gyangyaɗi, shi ke nan. Ba jinya, ba asibiti, ba ka wahalar da kowa ba. Na yi kuka har na gode Allah, amma na ji haushinka kuma, domin ka zaɓi makon da kifin melci zai fara shigowa, ka bar mu da abin da kai kaɗai ka san kansa.

Tun kafin a haife ni haka ake yi a Solgae. Daga Afrilu zuwa Yuni jirage na dawowa da la'asar, taru cike da melci, ƙananan kifayen nan sun maƙale da kawunansu a idon raga. Maza su jeru a dakalin tasha, su kama tarun, ɗaya ya ba da waƙa sauran su amsa, a dinga kakkaɓawa. Abin da ya zuba a gabansu na jirgi ne. Abin da ya yi tsalle ya wuce kawunansu ya faɗi a bayansu kuwa, na duk wanda ya tsinta ne. Masu tsinta su ne mu, matan da teku ta cinye wa maza, da tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birni suka manta hanyar gida. Da wannan tsintuwar muke cika randunanmu a watan Mayu, mu zuba gishiri, mu rufe, sai Nuwamba mu buɗe mu haɗa kimci, wato kabejin da ake tsimawa da yaji da ruwan kifin nan, wanda za mu ci har sanyi ya wuce. Gidan da ba randar melci, kimcinsa salam yake, kuma uwar gidan ta san maƙwabta sun sani.

Shekarar da mijina Dokbe ya fita bai dawo ba, ina da shekara talatin da ɗaya da 'ya'ya uku. Ni da nake aika wa mutane kifi, ban ga ƙafar da zan taka in je in durƙusa a bayan maza ina tsinta ba. Na zauna a gida ina dafa wa yara shinkafa da ganye. Ba ka zo ka yi mini nasiha ba, ba ka kuma aiko mini da sadaka a kwano ba, don ka san da na mayar. Ina wucewa ta tasha da tulun ruwa ka daka mini tsawa a gaban kowa: "Ke Malsun! Tsuntsayen nan kika ɗauka haya su ci rabonki? Dubi yadda suka yi ƙiba, ko tashi ba sa iyawa!" Aka kwashe da dariya. Matarka, Yaya Bunnam, ta tura mini daronta a hannu ta ce in riƙe mata, ta juya ta tafi abinta. Ranar na koma gida da daro cike, ina zaginka a zuci tun daga tasha har ƙofar gida. Da wannan kifin na raini yaran nan, da shi kuma na fara sayar da miya har na kafa ɗakin abincin da nake ciki yau.

Kowa a garin nan ya san sunan da sauran masu jirgi suka laƙaba maka: Hannun Banza. Wai duk gaɓar nan ba wanda ya kai ka rashin iya kakkaɓa. Ana cikin waƙa lafiya lau, sai a ga wuyan hannunka ya fizga sama, kifi ya tashi ya wuce kanka ya zubo mana a baya. Idan aka yi maka magana sai ka dafe kafaɗa, ka yamutsa fuska, ka ce ciwon da ka samo a soja ne. Wata shekara kafaɗar dama ce, wata shekara ta hagu. Mu dai ba mu taɓa gyara maka ba. Mutumin da zai shigo da jirgi ta bakin duwatsun nan cikin hazo ba tare da ya goge fenti ba, shi ne wai bai iya riƙe taru ba. Shekara arba'in kana wannan ƙaryar, kuma ba wadda ka taɓa bari ta yi maka godiya.

Ba zan ce kai waliyyi ba ne, don kai da kanka za ka fara ƙaryata ni. Kana da taurin kai, muryarka ta fi injin jirginka ƙara, idan kuma giyar shinkafa ta kai maka karo ba mai samun damar magana sai kai. Kullum ka zauna a teburina sai ka ce miyar melcina ta yi gishiri, kullum kuma sai ka suɗe kwanon ka miƙo a ƙara. Mun yi faɗa da kai a kan kuɗin ƙanƙara, mun yi a kan inda za a ajiye shara, har wata biyu muka taɓa yi ba ma gaisawa. Ko a lokacin ma kifi bai fasa faɗowa a gefen da nake tsaye ba.

Faɗanka na ƙarshe shi ne na shinge. Shekara biyu da suka wuce Tsohuwa Bang ta zame a kan santsin kifi tana tsinta, ƙugunta ya karye. Masu gidajen baƙi da suka cika mana bakin teku dama suna ta kai ƙara a kan wari da ƙuda. Sai ofishin gunduma ya yanke cewa za a kewaye dakalin da shinge mai tsawo wanda ya fi mutum, a sa ƙofa da makulli, kada wanda ba ma'aikacin jirgi ba ya ƙara taka wurin. Aka turo mana wata jami'a mai suna Ha, yarinya sa'ar autata, ta karanta mana hukuncin a ɗakin taron ƙungiya. Ni na fara miƙewa. Na ce da ita ta koma ta tambayi masu aiko ta ko sun taɓa kwana da yunwa. Ka buga tebur ka ce, "Zauna, Malsun. Yarinyar nan ba ita ta zuba santsin ba. Mu muka zuba, kuma ƙugun Tsohuwa Bang ba da katako aka yi shi ba."

Na ɗauka ka sayar da mu, har na faɗa wa mutane haka. Ashe kai ka riga ka raba abin da za ka bayar da abin da ba za ka bayar ba. Ka yarda a wanke dakali kullum bayan aiki. Ka yarda a shimfiɗa tabarmar roba. Ka yarda da shingen ma. Tsawonsa kawai ka riƙe, ka ce ba zai wuce ƙugun mutum ba. A kan wannan ka dinga hawa motar safe zuwa gunduma, da tsohuwar rigarka ta zuwa biki, har direban ya daina tambayarka inda za ka sauka. Da ka ga zirga-zirgar ba ta isa ba, sai ka ɗauki jami'ar ka kai ta gidan Tsohuwa Bang, ka ce ta ji daga bakin wadda ake son karewa. Tsohuwar na kwance, ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, ƙuguna ne ya karye, cikina lafiyarsa lau. In kun kulle wurin, ke za ki dinga kawo mini kifin?" Ta sa aka buɗe randarta, aka zuba wa baƙuwar shinkafa da kimci. Jami'a Ha ta ci, ta koma ta yi ta fama da manyanta har suka sa hannu. Na zage ta a bainar jama'a, don haka a bainar jama'a nake cewa yarinyar kirki ce, kuma ta zo jana'izarka ta durƙusa kamar 'ya.

A watan Maris aka gama shingen. Na gan ka da safe kana zagaya shi, kana gwada shi da ƙugunka, kana ja da baya kana auna nisan da ido. Na ce to, Hannun Banza, ka ci nasara, sai ka huta. Ka girgiza kai ka ce, "Shinge ba ya ba ni tsoro, Malsun. Hannuwa nake tsoro." Na gane nufinka. Da can kifi na iya zamowa ya faɗo mana bisa kuskure, yanzu sai an ɗaga shi da niyya kafin ya tsallake. Ga ruwa ya yi ɗumi, melci ya ragu, man jirgi ya yi tsada. Ga Sanggu, wanda zai gaji jirgin, mutum ne mai tsantseni, hannunsa ba ya zubar da ko ɗaya, kuma duk garin nan an sha jin ku kuna musu a kan abin da yake kira ɓarna. Ban ga laifinsa ba, shi ke biyan ma'aikata. Amma da aka sa ka a ƙasa, abin da ke zuciyar kowace mace mai daro ke nan, ko da yake ba wadda ta furta a gidan makoki.

To, bari in ba ka labarin abin da ka tafi ba ka gani ba. Mako guda bayan binne ka jiragen suka fita, da la'asar naka ya shigo, taru ya yi nauyi. Muka jeru a bayan sabon shinge da darukanmu, har da Tsohuwa Bang a kan kujera da sandarta. Sai ga Yaya Bunnam cikin baƙaƙen kaya, ita ma da daro. Matar da tun da ta zo garin nan amarya ba ta taɓa sunkuyawa ta tsinci kifi ba. Wata ta ce, "Haba Yaya, ke da jirgi a gida?" Ta ce, "Jirgi na Sanggu ne yanzu. Ni matar mamaci ce kamar ku. Matsa mini."

Sanggu ya gan ta. Ya sunkuyar da kai, ya kama tarun a wurin da kake kamawa, ya ba da waƙa, ma'aikatansa suka amsa. Kakkaɓar farko kifi ya zuba tsaf a gabansu. Ta biyu ma haka. Muna tsaye, darukan nan wayam, ba mai kallon 'yar'uwarta. Na fara tunanin abin da zan ce wa Tsohuwa Bang a hanyar gida. Can sai na ga wuyan hannunsa ya fizga sama. Melci ya tashi yana walƙiya a rana, ya wuce kansa, ya tsallake shingenka da tazara, ya zubo mana a kai da kafaɗu. Ya sake, ya kuma sakewa. Mai jirgin da ke kusa ya ɗaga murya ya ce, "Kai Sanggu! Me ya sami hannun naka yau?" Bai ko waiwayo ba, ya ce, "Kafaɗata ce, Kawu. Gado na yi."

Ina tsinta ina kuka, ɓawon kifi a gashina, ban ji kunyar kowa ba. Yaya Bunnam ta cika daronta, ta juye wa Tsohuwa Bang, ta koma ta sake durƙusawa. Kafin mako ya ƙare jirage biyu sun kamu da irin wannan ciwon kafaɗar. Yanzu hankalina a kwance yake, ina kuma faɗa da gaba gaɗi cewa muddin ana kakkaɓar taru a Solgae, ba randar da za ta kwana ba komai a cikinta.

Yaya Gilho, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka har da tsawar da kake daka mana. Yadda ka ciyar da mu ba tare da ka sa mun sunkuyar da kai ba, Allah ya karɓe ka ba tare da ya tozarta ka ba, ya ba ka masauki mai sanyi inda ba guguwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Bunnam, da Sanggu da iyalinsa, da ma'aikatan jirgin da suka ɗauke ka uba, da ƙungiyar masunta baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya dawo mana da kowane jirgi lafiya, ya sa idan tamu ta zo mu tafi da hannu a buɗe.

Na riga na sa wa rabona gishiri, na rufe randa. In Allah ya kai mu Nuwamba zan hau tudun da kake kwance in kawo maka kimcin farko. Na san da za ka ce ya yi gishiri, sannan ka miƙo kwano a ƙara.