Takabar Hajja a Cikin Bas

Karatu ne ya kawo ni Masar, ba taɓa baƙin mai ba. Sai dai mutumin da ya tashi a garejin kawunsa a Kaduna, ko ya sa jallabiya ya rungumi littattafai, idonsa ba ya ƙyale mota. Shi ya sa da hayar unguwar Hayyu Sabi'i ta fi ƙarfina na tattara na koma unguwar Ainu Shams, duk a Alƙahira, abin da na fara lura da shi a layinmu wata tsohuwar bas ce da ke fake jikin katangar wani kango. An saka mata labule a tagogi, an ɗora mata tankin ruwa, ga kuma tukunyar na'ana'a a bakin ƙofa. Ashe gidan mutane ne.

Mai ita wani dattijo ne, Bahaushen Sudan, kowa Baba yake ce masa. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Katsina a ƙasa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Da wannan bas ɗin ya yi ta jigilar fasinja har yaƙi ya zo. Sai ya kwance kujerun, ya kafa gado da murhu da kabad, ya zuba duk abin da ya mallaka, ya ɗauko matarsa, Hajja, suka nufo Alƙahira. Da ya ji kuɗin haya ya ce khalas, shi ke nan, shi yana da gidansa. Mai kangon ya bar shi ya fake, maƙwabta suka ja masa wayar wuta.

Duk ranar Juma'a da safe sai ya tayar da injin, ya cika layin da hayaƙi, matan bene suna rufe taga suna zagi. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, ina za a je ne?"

"Ba ko'ina, ɗan nan. So nake hukuma su ji tana numfashi. Ranar da ta yi shiru za su ce bola ce, su kwashe."

A makon da motar ta fara gardamar tashi, a makon Allah ya yi masa rasuwa. Ciwon ƙirji ne, bai ko kwanta jinya ba. Muka kai shi, muka dawo, Hajja ta sa fararen kaya irin na matan Sudan ta shiga takaba a cikin bas ɗin. 'Ya'yansu biyu ne maza: ɗaya yana Libiya ba shi da takardar shigowa, ɗayan tun farkon yaƙi ba a ji ɗuriyarsa ba. Dattawan Hausawan Sudan da ke unguwar su suka tsaya mata, matansu na kai mata abinci.

Takabar ba ta yi nisa ba mai kangon ya sayar da wurin. Masu gini suka zo da yashi da rodi, ma'aikatan gunduma suka biyo baya suka shafa wa bas ɗin jan fenti a gefe, suka ce a gusar da ita ko su gusar. Wani ɗan Sudan mai gadin fili a bayan gari ya ce a kawo ta wajensa. Aka gaya wa Hajja ta koma gidan ɗaya daga cikin dattawan kafin a kai motar. Ta amsa daga bayan labule, muryarta ƙasa ƙasa, ta ce ita ba ta sauka. Nan ne gidan mijinta, nan ya bar ta, nan za ta ƙarasa masa takaba. In za a tafi da gidan a tafi da ita a ciki.

To, sai a tayar da mota. Nan aka tuna da ni.

Irin waɗannan bas ɗin, injinsu ba a gaba yake ba kamar na ƙaramar mota. A ciki yake, ƙarƙashin daɓe, da murfi a gefen kujerar direba. Baba kuwa, da ya rasa wuri, a kan wannan murfin ya kafa gadonsu. Na ce wa dattawan sai an ɗaga gado. Suka dube ni kamar na yi ashar a masallaci. Babbansu ya ce namiji baligi ba ya taka ɗakin mai takaba. Na ce Malam, wallahi ba haka yake a littafi ba, ta sa mayafinta ta koma baya, matanku su zauna da ita, ni in yi aikina. Ya ce su haka suka gada, kuma ba ɗalibin jiya ne zai koya musu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni mutum ne mai saurin hawa. Na haɗiye, na ari kwali na shimfiɗa, na shiga ƙarƙashin mota.

Kai, na sha wuya a ƙarƙashin nan. Kullum na dawo daga darasi sai in tuɓe jallabiya in kwanta a kwalin, ga ruwan kwata, ga kyanwoyi, ga tsatsa na zubo mini a ido. Na aro batir a wajen wani mai tuk-tuk, keke Napep ɗin nan garin. Na kwance kik, abin da ke murza injin, na wanke na mayar. Na canza filtar mai da lalube, hannu ɗaya a maƙale. In an murza makulli ta taga sai injin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, ba ya kamawa. Na san ciwon: ko iska ta shiga layin gas, ko famfon injekta ya gaji. Dukansu ta sama ake kai musu hannu. Ina ganin gindin famfon da idona, tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba, amma sifana ba ta shiga.

Hajja takan ƙwanƙwasa daɓe da cokali idan ta dafa shayi, sai in fito in tarar da kofin a kan matakala, labule a sake. Ban taɓa ganin fuskarta ba a kwanakin nan. Ta cikin daɓen muke magana. Wata rana da la'asar ta ce, "Ɗan nan, in na ji ƙarar ƙarfen nan a ƙasa sai in ga kamar shi ne. Har na kusa ce maka ka fito abinci ya huce."

Na ga dama ta samu. Na ce, "Hajja, da za ki yarda a ɗan ɗaga gadon nan, da na tayar miki da ita kafin magariba."

Ta ce, "A kansa ya cika. Ko zanen ban cire ba."

Ban ƙara tayar da maganar ba. Tausayinta ya kama ni, na ajiye sifanar, na kwanta kawai ina kallon tsatsa.

Da masu gini suka fara haƙa har gindin tayar baya, sai muka haƙura da inji muka nemi janwe, wadda a nan ake ce wa winshi. Direban wani Bamisire ne mai tumbi da gashin baki, bakinsa ba ya rabuwa da sigari. Ya zagaya bas ɗin, ya durƙusa ya leƙa sifirin na baya, ya miƙe yana kaɗa kai. Ya ce in ya ɗaga gabanta, duk nauyin baya zai koma, kuma wannan sifirin ɗin ya riga ya miƙe. Me ke ciki haka? Ni na sani, don Baba ya sha ba ni labari: tsohon giyabos da ya ajiye don gaba, keken ɗinki, buhunan dawa, akwatunan ƙarfe, da tayil da ya shimfiɗa a daɓe don Hajja ta ji kamar ɗaki. Direban ya ce a sauke komai, a biyo da shi a wata mota.

Dattawan suka ce atafau. Kayan mamaci ne, ba a raba gado ba, magada ba sa nan. Wa zai ɗauki alhakin fitar da ko cokali? In wani abu ya ɓace a hanya, wa zai amsa gaban Allah? Na ce jama'a, ku tsaya a kan kayan da kanku, ku bi su da ido har can! Suka ce a'a, yadda mai shi ya bar su haka za a miƙa wa 'ya'yansa. A nan na yi abin da ban saba yi wa manya ba, na ɗaga murya. Na ce tsoron alhakin cokali zai sa ku rasa gidan ɗungurungum. Babbansu ya ce in ji tsoron Allah in daina mugun baki. Abin da kawai suka yarda da shi shi ne a zubar da ruwan tanki, shi ma sai da aka yi shawara.

Direban ya ɗaga kafaɗa ya ce motarsu ce. Da ya ji kuma akwai mace a ciki sai ya yi tsalle ya dire, ya ce shi ba ya jan mutum. Aka yi ta ba shi baki, aka ce mijinta ne ya rasu. Ya jefar da sigarin ya yi wa mamacin addu'a, ya ce yalla, a je, amma a hankali zai tafi, kuma da safiyar Juma'a, lokacin da hanya ba kowa. Na shiga ƙasa na kwance farfela, sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, don kada ja ya cinye giyabos. Wannan kaɗai ne aikin da na yi wa motar nan da ya yi amfani.

Muka fita da hantsi. Ni ina gaban janwe kusa da direba, dattawan na biye a tasi. Matan bene da suka sha zagin hayaƙin Baba suka leƙo suna ɗaga hannu, wata har da kuka. Muka lallaɓa muka fita daga lungunan, muka hau Da'iri, babbar hanyar da ta kewaye gari. Ina ta kallon madubi, bas ɗin na biye da hancinta a sama, gindinta kamar zai shafi kwalta. Har na fara cewa a raina ƙila mugun bakin ne da ni.

A kan wata gada, inda kwalta ke da gaɓa, muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Janwen ta yi girgiza, direban ya yi salati ya taka birki. Kafin ya gama tsayawa na dire. Bas ɗin ta kwanta gefe guda, hayaƙin roba na tashi. Sifirin na hagu ya karye, jikin motar ya zauna kan taya ya yanka ta, aksul, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, ya goce baya. Na buga ƙofa ina kiran Hajja, Hajja! Ta ce lafiyarta lau, kofuna ne suka fashe. Ta ce a ci gaba da tafiya.

Na san dabarar da ake yi a hanyar Birnin Gwari in sifirin ya karye: a ɗaga da jak, a cusa guntun katako tsakanin aksul da shasi, a ɗaure da sarƙa, a lallaɓa. Direban ya ba ni jak, ya samo katako. Na shiga ƙasa na ga abin da ya faru. Ba sifirin kaɗai ba ne. Wurin da yake maƙale a shasin, wato ƙashin bayan motar, shi ne ya yage gaba ɗaya, tsatsa ta cinye shi, ina taɓawa yana marmashewa kamar ƙanzo. Babu inda katako zai zauna. Na fito na zauna a bakin hanya.

Ba a jima ba 'yan sandan hanya suka iso. Ba su yi mana wulaƙanci ba, gaskiya. Hafsansu ya nemi takardun mota, aka miƙo ta taga. Izinin shigowar motar ƙasar ya daɗe da ƙarewa. Ya ce ba za a bar ta a kan gada ba, babbar janwe na zuwa ta ɗora ta a baya ta kai ta ma'ajiyar hukuma, mai ita ya je ya warware. Mai ita yana kabari, magadansa ba sa ƙasar. Duk wanda ke wurin ya san inda maganar ta tsaya.

Da aka ce masa da mutum a ciki, ya je bakin ƙofar da kansa ya sassauta murya. "Ma'alish ya Hajja, yi haƙuri. Ba zai yiwu ba. Sai kin sauko."

Mun daɗe a tsaye. Motoci na wucewa suna rage gudu suna kallo. Can labulen ya motsa, ta fito. Ashe 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Farin mayafinta ya jiƙe da shayi ta gefe ɗaya. Buta ce a hannunta da darduma, ba ta ɗauko komai ba bayan su, kuma ba wanda ya ce ta koma ta ɗauko. Ta tsaya jikin ƙarfen gadar tana ƙifta ido, don ta daɗe rana ba ta taɓa ta ba. Babbar janwen ta iso, aka ja bas ɗin da waya aka ɗora, kayan ciki na ta ruguzowa muna ji. Ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Sannan ta juyo, ba wajen dattawan ba, wajena.

"Ɗan nan, kai ne mai karatu. Takabata ta ɓaci ke nan?"

Na yi maza na ce a'a Hajja, ko kusa. Wadda aka fitar bisa larura babu komai a kanta, malamai ba su yi saɓani a wannan ba. Kwanakin da kika yi suna nan, ɗorawa kawai za ki yi. Har wani sanyi na ji a raina, yau dai ga abu ɗaya da na iya gyarawa.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta dubi hanyar, ta dubi benayen da ke ƙasan gadar, jan bulo iyakar ganinka.

"To a ina zan ɗora?" ta ce.

Na juya wajen dattawan, na ga kowa ƙasa yake kallo. Direban tasin ya danna hon, yana tambaya ko akwai mai tafiya.