Bayan Kaset ɗin da Na Aika wa Nasiru

Talata: Kano zuwa Abuja

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Fagge. A shingen Tafa ɗan sanda ya ce, "Hajiya, me ke cikin jakar?" Na ce, "Yaji da kuka. Za ka ci?" Ya ɗaga mana hannu.

Sarin kaya na ce wa kowa zan je, amma ƙanena Nasiru ne ya tashe ni. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da ya tafi karatu Guangzhou, ya turo hoto riƙe da jita. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai na yi masa saƙo a kaset: "Gidanmu ba maroƙi. Ka ajiye abin nan ko ka manta da ni." Bai amsa ba. Bayan wata takwas ciwo ya ɗauke shi, a can aka binne shi. So nake in san ko da fushina ya tafi.

Alhamis: Sanyuanli

Mun kwana a hanya ta Addis Ababa. A wannan unguwa ta Guangzhou na kama ɗaki yuan ɗari da ashirin, na ci taliyar naman sa ta goma sha takwas. Alhaji Mamman, abokin karatun Nasiru, yanzu mai tura kaya, ya zo bayan la'asar.

"Yaya Bilki! Ke ce mai kaset?"

"Ni ce. Kai ni wurin da ya yi kiɗan, ka bar surutu."

Juma'a: filin kiɗa

Bayan masallaci muka shiga jirgin ƙasa, minti arba'in. Ba fili kuma, benaye ne. Mamman ya nuna ƙofar wani kanti: "Nan dandamalin yake, na katako. Bukukuwan farko-farko ke nan na kiɗan da suke kira rok da bulus. Ganga saiti ɗaya, kowace ƙungiya aro take. Ruwa ya sauko, ɗalibai suka rufe kai da leda, ba wanda ya motsa. Da Nasiru ya hau, sun zaci Ba'amurke ne. Ya ce musu shi Bakano ne, kiɗan nan kuma jikan garaya ne."

Na tsaya ina kallon siminti. Ban ga komai ba.

Asabar: Liuhua

Ƙarfe goma na safe, bene na uku, shagon gyaran lasifika. Mai shi tsoho Chen, wanda ya buga wa Nasiru ganga. Na ce Mamman ya tambayi jitar. "Meyo," in ji Chen, wato babu. Amma ya jawo akwatin takalmi, ya zaro kaset. Nawa ne, da ɗigon jan farcen da na yi masa alama.

Ya kunna. Muryata ta cika shagon tana faɗa. Na ce, "Kashe, na san abin da na ce." Ya girgiza kai, ya juya kaset ɗin.

Ihun mutane, ƙarar ruwa, sai jita. Karin waƙar da Innarmu ke yi a kan dutsen niƙa ne, a hankali, kamar mai kuka. Da ya ƙare, Nasiru ya ce da Hausa, yana haki, "Yaya, ki saurara tukuna, sannan ki yi faɗan."

Mamman ya ce Nasiru ya jira mai zuwa Kano ne ya kawo mini, ciwon ya riga.

Na zauna a kan wata lasifika. Chen ya miƙo mini shayi ba sukari, na shanye.

Laraba: gida

Kafin in taso na ziyarci kabarin, na sari atamfa a kasuwar Shahe, na sauka Kano ƙarfe biyu na rana. Godiya ga Allah, ga Mamman, ga Chen da ya ba ni kaset ɗin, ya ƙi karɓar komai. Rediyon kaset na samo a Kurmi. A jikin kwalin kaset ɗin na rubuta da hannuna: "Na saurara, Nasiru."