Na'urar Da Ta Sauke Jinin Yamusa

Yamusa direba ne a ma'aikatarmu, ɗan Gbagyi, danginsa na wani ƙauye a bayan Gwagwalada. An ɗauke shi aiki shekarar da aka kwaso mu daga Legas zuwa sabon babban birnin tarayya, mu da fayilolinmu. Lokacin siriri ne kamar muciya. Shekara uku yana jiran oga cikin mota, daga cin sakwara sai gyangyaɗi, sai ga tumbi yana goga sitiyari.

Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau. Aka ba shi wata uku: ko jinin ya sauka, ko ya ajiye makullin mota. Mutum mai 'ya'ya shida!

Tunda ni ma direba ne kuma bakina ba ya shiru, ni na raka shi kasuwar Wuse, shagon wata Angela mai kayan motsa jiki. Ta miƙo masa ƙarfen ɗagawa. Ya jinjina shi ya ce, "Madam, matata yana ɗaukar itacen da ya fi wannan a kafaɗa, kuma kyauta." Ta kawo igiyar tsalle, ya ce shi ba 'yar firamare ba ne. Can ya hango keken nan marar taya, wanda za ka yi ta taka feda kana nan inda kake. Ya ce oga na da irinsa. Shi ke nan, zaɓi ya ƙare.

Ɗakinsa na gari ko tabarma biyu ba ya ci, don haka ya kai keken ƙauye ya dawo aiki. Kash! Wansa Ishaya ya zagaya keken sau uku, ya tara dangi, aka tabbatar an cuci ɗan'uwansu a birni. Uwarsu har da hawaye. Suka kai wa mai walda, ya sa taya biyu da birki da ƙararrawa. Da Yamusa ya koma ran Asabar, sai ya ci karo da Ishaya a kansa, da akuya ɗaure a baya.

"Mun gyara maka," in ji Ishaya. "Nan gaba ka riƙa duba kaya kafin ka saya."

Me zai ce wa wansa? Godiya ya yi.

Saura wata biyu. Ran Litinin na gan shi ya fito da garma daga but ɗin motar oga. Bayan ofishinmu akwai fili mai koriyar ciyawa da ake ba ruwa safe da yamma. Kullum kafin ma'aikata su iso, Yamusa ya tuɓe riga ya hau huɗa. Na ce, "Kai, ka haukace?" Ya ce, "Malam Ilyasu, wannan injin ne jikina ya sani." Ya dasa doya layi-layi.

Wallahi ba wanda ya hana shi. Masu gadi sun ɗauka kwangila ce. Masu ban ruwa suka ci gaba da ban ruwa. Wani darakta ya leƙo ta taga ya yaba da sabon tsarin.

Tumbi ya zube. Likita ya auna shi sau biyu, ya sa hannu, har ya tambayi sunan na'urar don ya saya wa kansa. Na yi murna kamar ni aka yi wa ƙarin girma.

A makon ne wani ya nemi fayil ɗin kwangilar doyar, aka rasa. Aka kafa kwamiti, aka kira ni shaida. Shugaban ya tambayi Yamusa wa ya ba shi izinin tona filin gwamnati.

"Oga, nan ne gonar babana kafin a tashe mu. Na san inda doya yake so."

Sakatariyar kwamitin, Catherine, ta tambaya ko ta rubuta wannan. Aka ce fom ɗin ba shi da gurbinsa.

An sallame shi daga aiki ran Juma'a, lafiyarsa ƙalau. Har yau abin na ci min rai. Da doyar ta nuna, aka haƙe ta aka raba bisa matakin albashi. Mu direbobi ɗaya-ɗaya muka samu. Tawa ta ruɓe a ƙarƙashin gado, na kasa ci.