Maganin da Hajiya Ta Ji Ta Bayan Labule

Maigidana masanin tsutsar ciki ne. Na daɗe kafin in iya faɗin haka ba tare da na rage murya ba. Da aka fara ce masa Dakta, matan dangi suka yi ta sallama a gidanmu na Gwallameji, wannan da ciwon gwiwa, waccan da hawan jini. Duk wadda ta zo sai ya zaunar da ita ya yi mata lacca a kan tsutsa, ta tashi da gwiwarta yadda ta kawo ta. Ba a jima ba suka ɗauke ƙafa.

Bayanin nasa har na haddace. Wai jikin mutum yana da sojoji, su ne garkuwar da ke yaƙar duk baƙon abin da ya shigo. Ita tsutsa in ta sauka a hanji sai ta riƙa fitar da wani sinadari, furotin, da ke yi wa sojojin ban baki, su ajiye makamai, ita kuma ta miƙe ƙafa ta ci ta sha. In ya zo nan har lumshe ido yake yi. Ni dai bai taɓa yabon miyata da irin wannan murya ba.

'Yarmu ɗaya ce a lokacin, tana firamare, asma kuma ta sa ta a gaba. Ɗan hayaƙi ko sanyin damina, sai ƙirjinta ya hau kuka kamar usur. Na haƙura da turaren wuta, na kyautar da kyanwarmu, kuma duk jakar da na rataya akwai abin shaƙarta a ciki. Kullum a tsorace nake.

Wata Juma'a muka je gaida mahaifiyarsa a cikin gari. Shi ne ɗanta na fari, Hajiya kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, in tana da magana sai ta ce min, "Ki gaya wa mutumin naki." Ranar ya ritsa ƙannensa a tsakar gida ya buɗe baki. Ya ce asma ai sojojin jiki ne suka yi zafin kai, suna harbin abin da bai kai ya kawo ba, furotin ɗin tsutsa kuwa yana kwantar musu da hankali, an ga alamar haka a jikin ɓeraye. Abin da masana ke nema shi ne su ciro furotin ɗin su bar tsutsar.

Hajiya tana bayan labule tana ji. Farkon ya shiga kunnenta, ƙarshen ya tafi da kiran sallar la'asar. Da wata uwar ce sai ta leƙo ta ce, "Kai, maimaita." Hajiya ko da wuƙa a wuya ba za ta yi wa ɗan fari tambaya ba.

Da aka yi hutu ta ce a ba ta ƙawarta, haka take kiran jikar, su je garin Zungur wurin ƙanwar Hajiyar. Na haɗa mata kaya har da safa, da abin shaƙa, da ƙwayar maganin tsutsa da lokacin shanta ya yi. Yarinya ta dawo baki har kunne, tana ba ni labarin yadda Hajiya ta ɓoye mata takalmi, ta sake ta cikin lambu tana taka laka, tana tsinkar yalo tana ci ba wanki. Na tambayi ƙwayar. Ta ce akuya aka ɗura wa.

Bayan 'yan makonni cikin yarinyar ya fito, ƙafafu suka tsotse, tari ya ƙaru. Maƙwabciyata, wata nas 'yar kudancin jiharmu, tana dawowa daga coci ta tsaya ta ja fatar idon yarinyar. "Madam, wannan yarinya ba shi da jini fa," in ji ta. "Kai shi asibiti yanzu yanzu, kar ki jira Oga."

Oga da kansa ya ɗauki bahayan 'yarsa a kwalba zuwa ɗakin bincikensa. Ya dawo ba lumshe ido. Abin da kawai ya ce shi ne, irin wannan tsutsar ta tafin ƙafa take shiga, kuma sai ta bi ta huhu kafin ta isa hanji. Duk laccocin da na sha, wannan shafin bai taɓa buɗe shi ba.

Da hantsi Hajiya ta iso asibiti da kwanon kunu. Yarinya tana kwance, roba a hanci, ƙirji yana sama yana ƙasa. Babu labule a ɗakin, sai ta zauna ta ba ɗanta baya. Na tanadi maganganun da zan faɗa mata, masu zafi, amma ta riga ni.

"Da kunnena na ji ya ce tana kwantar da asma. Na ce tunda ku 'yan boko ƙyanƙyami ya hana ku, ni bari in yi."

Shi ma ni ya kalla. "Ki gaya mata ɓeraye na ce. Kuma furotin na ce, ba tsutsar ba."

Ga uwa ga ɗa, tsakaninsu bai fi tabarma ba, ni ce 'yar aike.

"Ki tambaye shi," in ji Hajiya, "ɓerayen nasa sun samu sauƙi?"

"Wasu sun samu," ya ce da bango.

Ta ɗora hannu a ƙafar jikarta. "To ki tambayar min shi, ita yaushe?"

Ban isar da wannan saƙon ba. Juyawa na yi na zuba masa ido, don tun ranar da yarinyar nan ta fara shiɗewa a hannuna nake son in yi masa wannan tambayar. Ya mayar da idonsa kan 'yarsa. Mu ukun muka kasa kunne muna sauraren numfashinta.