Hannun Baba a Bangon Gabas

Majami'ar ƙauyenmu da ke bayan Tsafe ginin ƙasa ce: tubali da azara da bakan gizo guda mai riƙe da rufi. Kowace bazara mukan yi mata yaɓe, mata na kawo ruwa, maza na taka ƙasa. A yaɓensa na ƙarshe, Baba ya dafa bangon gabas tun yana ɗanye, tafinsa ya zauna raɗau. Bayan rasuwarsa, masu yaɓe kan kewaye wurin. Inna kuwa duk Lahadi sai ta ɗora hannunta a ciki kafin ta zauna.

Shekarar da ta je ziyara Urushalima, ta dawo da labarin wata majami'a da aka gina bisa kogo, da wani dutse da hannuwan masu ziyara na zamanin dā suka shafe har ya yi santsi. "Ba wanda ya ce a rufe shi don ya tsufa," in ji ta.

Ashe tana can dattawa sun yanke shawarar shafe bangonmu da siminti, wai don kada baƙi su raina mu. Na hau mota daga Gusau musamman, na durƙusa gaban babbansu.

"Baba, ku bar wa Inna ko da wurin hannun."

"Ɗiyata, ɗakin Allah ne ko ɗakin uwarki?"

Kai! Suka shafe ko'ina tas. Inna ta ci gaba da dafa simintin a daidai wurin, ni kuma raina na ɓaci duk sa'ad da na gani.

Damina ta zo, ruwa ya bi ta bayan simintin ya rasa mafita. Wata safiya bangon ya zube.

Ɗan'uwana ya kira ni ya ce a jikin wani ɓallin siminti siffar hannun ta fito sarai, har yatsu. Na ce ya ajiye, ya ce to. Washegari na kai Inna. Muka tarar an share wuri fes, an kwashe ɓaraguzan har da ɓallin, an cike ramin da ke hanyar shiga gari.

Ta ce in kai ta wurin ramin. Ta daɗe tsaye a bakin hanyar, babura na wucewa ta kan cikon.

"Ta ina zan taka?" ta tambaye ni.